Wa Ke da Ikon Yafewa?



Ranar 17 ga Yunin 2015, wani matashi farar fata, Dylann Roof, ya shiga cocin Emanuel da ke Charleston a Amurka, ya zauna da masu nazarin Littafi Mai Tsarki, sannan ya harbe baƙar fata 9. Bayan kwana biyu aka gabatar da shi a kotu, sai wasu daga cikin dangin mamatan suka miƙe suka ce sun yafe masa. Shi kuwa ko alamar nadama bai nuna ba.

Kirista zai ce ba abin mamaki ba ne. A addu'ar da Yesu ya koyar, mai roƙon gafara yana haɗa roƙonsa da yafe wa waɗanda suka cuce shi. Wanda aka yafe wa babban bashi, kunya ce gare shi ya shaƙe wuyan mai ƙaramin bashi.

Mulhidai, waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, bakinsu bai zo ɗaya ba. Nietzsche, a 1887, ya ce yafiyar mai rauni kasawa ce aka sanya wa rigar kirki. Wannan hujja ba ta gamsar da ni, domin dangin Charleston ba su rasa mai rama musu ba: kotu ta yanke wa Roof hukuncin kisa a 2017. Hujjar Christopher Hitchens ta fi nauyi. Ya ce wani na iya biya maka bashi, amma ba mai iya ɗauke maka alhakin abin da hannunka ya aikata, don haka koyarwar cewa Yesu ya ɗauki zunuban mutane ba ta yi masa kama da adalci ba. Ita kuwa Hannah Arendt, Bayahudiya da ba ta rubutu da sunan addini, a 1958 ta ce Yesu ne ya gano amfanin yafiya a zaman jama'a: in babu ita, ramuwa ba ta da ranar ƙarewa.

A ganina, gardamar ba kan kyawun yafiya take ba. Tambayar ita ce, haƙƙin na wa ne? Musulmi sun san zancen haƙƙin bawa, wanda sai mai shi ya yafe.

Ku dubi Afirka ta Kudu. Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin Desmond Tutu, ta kasance tana da ikon yin afuwa ga mai laifin da ya faɗi gaskiya duka. Iyalan Steve Biko, wanda ya mutu a hannun 'yan sanda, suka ce ba da yawunsu ba, gwamnati ba ta da hurumin yafe jinin da ba nata ba. Suka kai ƙara kotun tsarin mulki a 1996, suka sha kaye. Amma a 1999 hukumar da kanta ta hana 'yan sandan da Biko ya mutu a hannunsu afuwa.