Tsohuwar Sikka Hadid Shaidarmu Ce, Kada A Rushe Ta A Bayan Idonmu

Jawabin da aka gabatar da Hausa a taron jam'iyya a Gadarif

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Iyayenmu malamai, shehunan unguwanni da na ƙauyuka, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, mutanen Gadarif da Gallabat da Shuwak da Hawata, da duk wanda ya taso daga bakin iyaka, barkanku da zuwa. Jam'iyya ta ɗora mini nauyin yi muku bayani da harshenmu a kan wani sashe na manufofinta. Maganar ita ce ta tsohuwar hanyar jirgin ƙasa, wato sikka hadid, da tashoshinta da takardunta, da abin da ya wajaba a kan hukumomin sufuri kafin su taɓa su.

Na san wani zai ce, yaro, ƙasa tana cikin yaƙi tun watan Afrilu na 2023, gari ya cika da waɗanda suka gudo daga Hartum da Madani da Sinnar, hatsi ya yi tsada, kai kuma ka zo mana da zancen tsohon ƙarfe? Gaskiya ne, ciki shi ne gaba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga cewa wannan tsohon ƙarfe yana da alaƙa da jinsiyyar ɗanka da gonarka da kabarin kakanka.

Bari mu fara da tarihi. Turawan Ingila sun shimfiɗo layin dogo daga Wadi Halfa a 1897, ya iso Atbara a 1898, ya kai bakin Hartum a 1899. Layin gabas kuma ya taso daga Hayya ya iso Kasala a 1924, ya shigo Gadarif a 1928, sannan ya bi ta Ƙala'an Nahal da Hawata da Dindir da Suki ya haɗe da Sinnar a 1929. Garin da a da ake kira Suƙ Abu Sin ya samu ƙofa zuwa teku. Da aka fara noman inji a Gadambaliya wajen 1945, dawa da riɗin wannan ƙasa a jirgi suke tafiya Bur Sudan.

To ina muke a lokacin? Muna nan. Tun kafin Bature ya aza ƙarfe ɗaya, alhazai daga ƙasar Hausa da Barno da Futa suna ratsa Sudan a ƙafa da kan jaki, suna neman Suwakin don su haye zuwa Jidda. Gallabat gari ne da Takarir suka zauna a cikinsa tun kafin zamanin Mahadi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a, har suka sauka a bakin Bahar Azraƙ kusa da Sinnar, garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Mutanenmu sun yi aikin madatsar ruwa ta Sinnar wadda aka gama a 1925, sun yi noman auduga a Jazira, sun sare daji sun yi gonaki a kan kogin Rahad da Dindir da Atbara da Setit. Da jirgi ya zo, alhaji yakan yi damina ɗaya ko biyu a Gadarif, ya tara guzuri, ya hau jirgi zuwa teku. Wani ya dawo ya zauna, wani bai ma tafi ba. Mu jikokinsu ne.

Yanzu ku dubi yadda doka ta yi da mu. Dokar jinsiyya ta 1957 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda kakanninsa suke zaune a Sudan tun ƙarshen 1897. Ke nan duk wanda ya biyo Mai Wurno an bar shi a waje, alhali ya riga ƙasar samun 'yanci da shekara 50. Daga baya aka mayar da shekarar 1924, sannan dokar 1994 ta mayar da ita 1 ga Janairu 1956. Doka ta sassauto, amma tambayar da ake yi wa Bahaushe a bakin taga ba ta canja ba: ina shaidarka? A watan Yuli na 2022 mun ga abin da ya faru a wilayar Bahar Azraƙ, inda aka zubar da jinin mutane a kan maganar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mutanen Gadarif da Kasala sun fito tituna saboda zafin abin. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya hana maimaituwarsa.

Shaidar da ake tambayarmu, wani ɓangare nata yana kan wannan layi. Kowace tasha tana da shekarar da aka gina ta. Hukumar jirgin ƙasa hukuma ce mai aiki da rubutu: sunayen ma'aikata, takardun albashi, taswirar fili, rasit na kaya. Unguwar da ta tashi a gefen tasha, da masallacinta da maƙabartarta, idan aka rubuta su a rajistar gwamnati, ba wanda zai zo gobe ya ce jiya kuka sauka. In kuwa aka rushe gini, aka sayar da ƙarfe a kilo, gara ta cinye takarda, to sai dai mu ce kakanmu ya faɗa mana, kuma kun san ofis ba ya karɓar wannan.

Me ya kashe jirgin? Dalili na farko, titin kwalta daga Hartum zuwa Bur Sudan ta Madani da Gadarif da Kasala, wanda aka gama a 1980, ya kwashe kaya ya ba manyan motoci. Na biyu, gwamnatocin soja sun ji tsoron ma'aikatan jirgi, domin ƙungiyarsu da ta tsiro a Atbara a 1946 ita ce uwar ƙungiyoyin ƙwadago a Sudan. Numairi ya murƙushe yajin aikinsu a 1981, gwamnatin Bashir kuma ta sallami ɗimbin ma'aikata bayan 1989. Shekaru da yawa ke nan ba mu ji kukan jirgin fasinja a Gadarif ba. Duk da haka, da mutane suka tashi a Disamba 2018, Atbara da Gadarif suna sahun gaba, kuma duniya ta ga jirgin da ya ɗauko mutanen Atbara zuwa zaman dirshan na Hartum a Afrilu 2019.

Abubuwa uku ne suka sa maganar ta zama ta yau.

Na ɗaya, doka. Sudan tana da Dokar Kare Kayan Tarihi ta 1999, kuma Hukumar Kayan Tarihi da Gidajen Adana su ce ke riƙe da ita. A wannan doka, abin da ya kai shekara 100 ya shiga cikin kayan tarihi, kuma hukumar tana da ikon saka wanda bai kai ba idan ta ga amfanin ƙasa a ciki. Ku yi lissafi. Layin Kasala ya cika 100 a 2024. Na Gadarif zai cika a 2028, na Hawata zuwa Sinnar a 2029. Abin tsoro shi ne 'yan shekarun da suka rage, domin mai son filin tasha ya fi mu sanin wannan lissafi.

Na biyu, sabon aiki. A 2020 Bankin Raya Afirka ya ba da kuɗin binciken sabon layin dogo tsakanin Habasha da Sudan, mai tsawon kilomita 1,522. Babbar ƙofar da ke tsakaninmu da Habasha kuwa ita ce Matama da Gallabat. Faɗin tsohon layinmu milimita 1,067 ne, sabon da ake magana 1,435. Sabon jirgi ba zai hau tsohon ƙarfe ba, sai an yi sabon shimfiɗi da sabbin tashoshi. Ranar da yaƙi ya lafa, kamfanoni za su zo da katafila, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, abin da yaƙi ya nuna mana. Babban Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Hartum an wawashe shi. Idan gidan da duniya ta sani, mai masu gadi da rajista, ya ga haka, ina ga akwatin takardu a ƙaramar tasha? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai darasi a kusa da mu. Da aka gina babbar madatsar Aswan, ruwa ya cinye tsohon garin Wadi Halfa, aka kwaso mutanen yankin wajen 50,000 a 1964 aka kawo su Halfa Jadida kusa da Hashmul Girba. Ƙasashen duniya sun taru sun ɗebe gine-ginen zamanin Fir'auna dutse bayan dutse, wasu aka sake kafa su a Hartum. Amma garin talakawa, inda jirgin Sudan ya soma, yana ƙarƙashin ruwa. Suwakin ma, da aka buɗe Bur Sudan a 1909, an bar ta ta zube, sai a shekarun baya Turkiyya ta gyara wasu masallatai da gine-gine. Kullum tarihin sarakuna yana samun mai ceto, na leburori da alhazai ba shi da kowa sai jikokinsu.

Wasu ƙasashe sun gane. A Amurka an rushe babbar tashar jirgin birnin Niyok a 1963, mutane suka fusata, a 1966 aka yi doka cewa hukumar sufuri ba za ta kashe kuɗin gwamnatin tarayya a kan wurin tarihi ba sai ta bincika, ta saurari jama'a, ta nuna babu wata hanya mai yiwuwa. Iyayenmu da suka je ziyara Madina sun ga tsohuwar tashar jirgin Hijaz, wanda ya isa can a 1908. An gyara ta ta zama gidan tarihi. Maƙwabtanmu na Iritiriya, ba su fi mu kuɗi ba, sun kira tsofaffin ma'aikata suka tayar da layin Masawwa zuwa Asmara a 2003.

Ga abin da jam'iyyarmu ta yi alkawari za ta kai majalisar wilaya da ta ƙasa.

Ɗaya, a ƙidaya duk tasha da gada da tankin ruwa da gidan ma'aikata da ke kan layin a cikin wilayar Gadarif, a saka su a rajistar kayan tarihi yanzu, ba sai an jira 2028 ba.

Biyu, kada a sa hannu a kwangilar titi ko ta layin dogo sai an auna abin da ke kan hanyar, an zauna da shehunan wurin, an yi bayani da Larabci da harshen mutanen da abin ya shafa. Maƙabarta da masallaci da tsohuwar rijiya, a kauce musu. Inda ba makawa, a yi da yardar masu su, a biya diyya.

Uku, fili ko ƙarfen sikka hadid ba za a sayar a ɗaki ba. A liƙa sanarwa a ofishin mahalliya, kowa ya ga mai saye da farashi.

Huɗu, a ɗauki hoton takardun hukumar jirgi da suka shafi layinmu, a ajiye kwafi a Jami'ar Gadarif, a ajiye wani a gidan adana takardu na ƙasa, kuma kowane ɗan ƙasa ya samu damar neman sunan kakansa a ciki.

Biyar, ginin da aka gyara kada a kulle shi. A yi ɗakin shan magani, ko ajin karatu, ko ma'ajiyar iri. Masu gyaran kuma su zama magina da kafintoci da maƙeran garin.

Shida, a rubuta zangon alhazai daga Gallabat da Sinnar zuwa Suwakin, tun tsofaffin da suka san su suna raye.

Kada wani ya juya maganata. Ba mu ƙi sabon jirgi ba, mu muka fi kowa bukatarsa, domin kuɗin mota yana cinye ribar manomin riɗi. Kuma ba ta Hausawa kaɗai muke yi ba. Layin nan na Shukuriyya ne, na Dabaina, na Bani Amir da Hadandawa, na Masalit da Nuba, na Fulani da Barebari. Rajistar da za ta kare unguwarmu ita za ta kare tasu.

Iyayena, ga aikin da ya rage mana. Duk wanda mahaifinsa ko kakansa ya bar katin aiki, ko tikitin jirgi, ko takardar aikin hajji, ko rasit na haraji, ya adana shi, ya sa yaro ya ɗauki hotonsa a waya. Matasa, ku zauna da tsofaffi ku naɗi maganarsu. Iyayenmu mata, ku kuka fi sanin wa ya haifi wa, ku faɗa a rubuta. Kowa ya tabbatar yana da lambarsa ta ɗan ƙasa, ya shiga rajistar zaɓe ranar da aka buɗe ta. Duk ɗan takarar da ya zo ƙofarku, namu ne ko na wasu, ku tambaye shi: za ka saka tashoshinmu a rajista kafin 2028? Za ka zauna da mu kafin katafila ta shigo? Za ka buɗe mana takardu? Wanda ya kasa amsawa, kun san inda ba za ku kai ƙuri'arku ba. Mu mun amsa a rubuce, ga shi a hannunku, ku riƙe mu da shi.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.