Oba-oba har sararin samaniya

Jama'ar Zangon Kwatano, makiyaya da fatake, kun san oba-oba kan kai ga 'yan sama jannati? Tun 1983 Owen Garriott na Amurka ya yi hira da mutanen ƙasa daga cikin kumbo. Yau tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa na shawagi kimanin kilomita 400 a samanku, ba dutse ba itace tsakani. In ta gifto, kuna da kamar minti 10: ku murɗa zuwa 145.800 MHz, ku kasa kunne. Amma fa magana sai da lasisi, a Benin hukumar ARCEP ke bayarwa. Kuma ba layin cinikin shanu ba ne. Mai tsallaka iyaka da na'ura, ya riƙe takardarsa.