Ina Ya Kamata a Ɗaura Fitilar Ƙari a Jikin Babur?
Laccar da aka gabatar ga 'yan acaɓa da masu gyaran babura a Gwaram

 

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram har Basirka bayan sallar isha'i ya san dalilin da ya sa matasanmu ke ƙara wa babur fitila. Fitilar da Boxer ko Jincheng ke zuwa da ita ba ta isar mai dawowa daga kasuwar Sara cikin duhu, ga ramuka, ga shanu, ga amalanken da ba shi da ko ƙyalli a baya. Don haka ƙara fitilar LED ba laifi ba ne. Damuwata ita ce inda ake ɗaura ta.

Da yawa suna ɗaure ta can sama, kusa da madubi, ta miƙe sak. Mai babur yana jin daɗi, amma direban da ke tahowa an dallare masa ido, na ɗan lokaci bai san inda gefen titi yake ba, kuma kai ne mafi kusa da shi. Sannan idan hunturu ya kama, hazo ya sauko, hasken da ke daidai da idonka ƙura yake bugu ya dawo maka, sai ka ga fari fat a gabanka.

Wurin da ya dace shi ne ƙasa, a jikin ƙarfen kariyar da ke gaban inji, ɗaya dama ɗaya hagu, bakinsu a ɗan sunkuye. Haske idan ya fito daga ƙasa yana share titi, rami ya yi inuwa, ka hango shi tun da nisa. Akwai wata fa'idar da ba a cika lura da ita ba: fitila guda tilo tana ruɗar mai mota, ya kasa gane nisanka da gudunka, wani ma ya zaci mota ce mai ido ɗaya. Amma idan ya ga uku, ɗaya a sama biyu a ƙasa kamar duwatsun murhu, zai fi saurin auna tazarar da ke tsakaninku. Kada dai a sauke ta har gindin taya, domin girgiza da ruwan damina za su kashe ta.

Ku kuma masu wayarin, batirin babur mai bolt 12 ƙarami ne. Ku sa fis, ku sa makunni na daban, don mutum ya iya kashewa idan ya shigo gari ko ya haɗu da wani. Fari ko ruwan ɗorawa a gaba, ja a baya. Shuɗiya mai walƙiya a bar wa jami'an tsaro.

Kafin ka fita, ka fuskanci bango daga taku goma, ka ɗauki mutum a baya, domin nauyin fasinja ko buhun riɗi yana ɗaga gaban babur. Idan hasken ya haura tsayin fitilar a jikin bangon, sassauta noti ka sunkuyar da ita.

Ina roƙon shugabannin ƙungiya su gayyaci jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, a ware rana guda a duba fitilun kowane babur da ke tashar nan kafin hunturu ya shigo. Allah Ya kai kowa gida lafiya.