Jawabin Malamin Gona: Rumbu Tukuna

Iyaye da 'yan'uwa manoman Gider. Ga Satumba ya kama, sabuwar masara da gyaɗa sun shigo gida, yara na gashi, mata na tuƙa tuwon jar dawa da miyar kuɓewa. Mu gode Allah.

Kakanninmu ba su sayar da hatsi sai rumbu ya cika. SODECOTON na sayen audugarmu tun 1974, amma kuɗinta ba su zuwa sai da rani, kuma auduga ba ta tuwo. Don haka kada ku sayar da hatsi yanzu da araha, ku saye shi da tsada a Agusta. Baɗi ku shuka dawa inda kuka cire auduga, ragowar taki za ta amfane ta.

Allah ya sa albarka, amin.