Yadda Aka Kafa Makarantar Ginin Tukwane a Abuja

Ga labarin makarantar ginin tukwane da aka kafa a Abuja, watau tsohuwar Abuja ta Lardin Neja, wadda sunanta ya koma Suleja bayan an yanki ƙasar babban birnin tarayya cikin 1976.

Cikin 1950 Gwamnati ta ɗauki wani Bature maginin tukwane, ana ce da shi Mista Michael Cardew, wanda ya riga ya yi wannan aiki a ƙasar Gana ta yanzu. Nufin Gwamnati shi ne a koya wa samari yin kwanoni da butoci masu ƙyalli irin na tangaran, don a rage sayen na ƙetare. Ya yi rangadi cikin Arewa yana duban yumɓu da maginan kowace ƙasa, sa'an nan cikin 1951 ya zaɓi Abuja. Aka fara karɓar almajirai cikin 1952.

Mai hankali ya iya tambaya, don me aka bar Kano da Kaduna aka tafi garin da jirgin ƙasa ba ya zuwa, sai an sauka Minna a bi mota? Dalili kuwa tanderun da a ke gasa irin waɗannan kaya yana neman zafi fiye da digiri 1,200, saboda haka cin itacensa ba kama hannun yaro. Abuja na da daji, da ruwan Iku, da yumɓu mai kyau. Amma abin da ya fi waɗannan duka shi ne Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya hau gadon sarauta cikin 1944. Ya karɓi Baturen hannu biyu biyu. Shi kuwa Sarki ya daɗe yana tara randuna da tuluna na maginan ƙasarsa, yana ajiye su a gidansa kamar yadda a ke ajiye kayan daraja, alhali kuwa a kasuwa kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. A nan Mista Cardew ya ga randunan wata Bagwariya, Ladi, mutuniyar Kwali.

Ga wani abin lura. A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce, daga uwa ko gwaggo a ke koyonta, amma makarantar da maza kaɗai ta fara. Sai cikin 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko. Ta koyi gini bisa faifan da a ke juyawa da ƙafa, amma randa da hannu ta ci gaba da gina ta, tana zaga ta tana jan yumɓu sama, kana ta zana mata kunama da kada da hawainiya da kifi. A cike zanen da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli, a sa a tanderu.

To, randar da aka yi wa haka ta yi nauyi, kuma ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Talaka ba shi da bukatarta, ga ta ƙauye mai araha, ga kuma kwanon sha na kanti wanda ba ya fashewa. Ta wannan fuska nufin Gwamnati bai cika ba, don masu sayen kayan yawancinsu Turawa ne da manyan ma'aikata. Amma da aka kai kayan London aka nuna cikin 1958 da 1959 da 1962, sai sunan Abuja ya ɗaukaka, randunan Ladi su ne kan gaba. Ita da kanta ta je Ingila cikin 1962, ta je Amurka cikin 1972, tana gini gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ita da ba ta taɓa zama a aji ba.

Mista Cardew ya bar aiki cikin 1965. Sarki Sulaimanu ya rasu cikin 1979, Ladi kuwa cikin 1984 a Minna. An sa wa makarantar sunanta, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20, tana gina randa.