Ƙari a ƙwaƙwalwa: mai jinya ma na buƙatarku



In babba wanda bai taɓa farfaɗiya ba ya fara faɗuwa, ko ciwon kai na tashinsa da asuba har da amai, ko ganinsa na raguwa, ko halinsa ya sauya ba dalili, sai mu ce iska ce. Wani sa'in ƙari ne ke girma cikin kai yana danne ƙwaƙwalwa. Ku yi masa addu'a, amma ku kai shi likita a yi masa sikanar. Ba kowane ƙari ne kansa ba. Akwai wanda ake cirewa mutum ya koma harkokinsa, kuma a Yamai akwai likitocin wannan tiyata.

To, wa ke tuna mai jinya? Galibi uwa ce ko mata, kwana bisa tabarma, takardar magani na bin takardar magani. Majinyacin ma kan zage ta, alhali ba shi ba ne, ciwon ne. Mu kuma mu zo dubiya mu goma, mu yi "Allah ya sawwaƙe", mu watse. Wallahi wannan bai isa ba.

Ku karɓe ta dare guda ta yi barci. In farfaɗiya ta taso, ku kwantar da shi ta gefe, kar ku sa masa cokali a baki. Kar a yanke maganinsa don azumi ba tare da shawarar likita ba. Addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Wanda zai iya karɓar kwana, ya ba da sunansa ga shugabannin ƙungiya.