Dokokin Ajiye Motoci a Tsakiyar Gari da Makomar Ƙananan Kantuna: Darasi daga Birtaniya



Batun da aka nemi in yi magana a kansa yau, mai sauraro yana iya ɗaukarsa ƙarami, watau inda mutum zai ajiye motarsa idan ya shiga tsakiyar gari, da tsawon lokacin da zai bar ta a wurin, da abin da zai biya. Amma duk wanda ya san zaman kanti tun hantsi har la'asar ana duban hanya, ya san cewa abincin gidaje masu yawa a kan wannan ɗan fili na bakin titi ya dogara. Zan ɗauki ƙasar Birtaniya ta zama madubinmu, domin an yi fiye da shekara 60 ana jayayya a can tsakanin masu kantuna da majalisun garuruwa a kan wannan al'amari, kuma an gwada dabaru iri iri an ga ƙarshensu. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, amfanin dokar ajiye mota ga mai kanti yana cikin abu guda: ta sa gurbin da ke ƙofarsa ya riƙa sauya hannu, mai saye ya tashi, wani mai saye ya shiga.

Asalin dokar

Kafin mu shiga Birtaniya, ya kamata mu leƙa Amurka, domin a can aka ƙago mitar ajiye mota, watau ɗan injin nan da ake kafawa a bakin titi, a jefa masa kuɗi ya ƙidaya wa mota lokaci. An kafa ta farko a birnin Oklahoma ran 16 ga Yuli, 1935. Wanda ya kawo dabarar, Carl Magee, ɗan jarida ne, kuma ƙungiyar 'yan kasuwar birnin ce ta ɗora masa aikin neman magani. Kukansu kuwa shi ne, ma'aikatan ofisoshi da na kantuna su kan yi sammako su cika bakin titi da motocinsu har yamma, mai saye ya zo ya rasa wurin tsayawa. Sai aka sa senti 5 a kan kowace awa. Ku lura da wannan ƙwarai: 'yan kasuwa ne suka nemi a sa wa bakin titi ƙa'ida tun farko.

Lissafin ba shi da wuya. Daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma awa 10 ke nan. Idan akawu ya ajiye motarsa a gurbi ɗaya ya tafi ofis, mutum ɗaya gurbin ya yi wa amfani a yinin nan. Idan kuwa aka ƙayyade rabin awa ga kowace mota, gurbin nan ɗaya yana iya karɓar mota 20, kowace ɗauke da mai niyyar saye.

Yadda ta shiga Birtaniya

A watan Yuli na 1958 aka kafa mitoci na farko a Landan, a unguwar Mayfair, ana biyan sisi a awa. A 1960 aka fito da ma'aikata na musamman masu zagayawa suna duban motoci, suna manna takardar tara ga wanda ya saɓa, a zamanin nan ne kuma aka soma shafa ratsin rawaya a gefen titi don nuna inda aka hana tsayawa. A 1963 gwamnati ta buga rahoton Colin Buchanan a kan zirga-zirgar motoci cikin garuruwa. Gundarin rahoton shi ne, tsohon gari yana da iyakar motocin da zai iya ɗauka, in ana son ya ɗauki fiye da haka sai an rushe shi an sake ginawa da kuɗi mai ɗimbin yawa, in kuwa ba za a yi haka ba, tilas a yarda da taƙaita motocin. Daga baya, dokar 1991 ta ba majalisun garuruwa damar karɓar aikin cin tara daga hannun 'yan sanda. Daga nan ne zargi ya yawaita, domin hukumar da ke yanka farashi ita ce ke cin tara, ita ce kuma kuɗin ke shiga asusunta.

Kishiya a gefen gari

Da a ce mai mota ba shi da wata kasuwa sai tsakiyar gari, da ko nawa aka sa zai biya. Amma tun daga 1976, lokacin da aka buɗe Brent Cross a arewacin Landan, aka shiga gina manyan rukunan kantuna nesa da tsakiyar gari, kowanne da makeken fili na ajiye dubban motoci kyauta. Garin Dudley ya ɗanɗana kuɗarsa. Tsakanin 1985 da 1990 aka gina Merry Hill 'yan mil kaɗan daga garin, manyan kantuna suka yi ta ƙaura can, har Marks & Spencer ya rufe reshensa na Dudley a 1990. Babban kanti kuwa shi ke jawo jama'a, ƙanana su sami rabonsu a gefensa, saboda haka da ya tashi sai mai sayar da nama da mai takalma da mai shayi suka rasa masu wucewa. A 1996 gwamnati ta umarci masu tsara gari su fara neman fili a tsakiyar gari kafin su yarda a gina sabon kanti a waje, amma a lokacin aikin gama ya riga ya gama a wurare da dama.

Bayan wannan kuma sai ciniki ta intanet ya zo, wanda a 2023 ya zarce kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan cinikin sayar da kaya ɗai-ɗai a ƙasar. Ga kuma kuɗin haya da harajin kanti. Na kawo waɗannan ne don kada mu ɗora wa dokar ajiye mota laifin kowane kanti da ya rufe. Sai dai ita ce abin da majalisar gari ke da iko a kansa kai tsaye, shi ya sa kuka ya fi yawa a kanta. A watan Disamba na 2011 Mary Portas, wadda gwamnati ta sa ta binciki halin da kantunan tsakiyar gari ke ciki, ta kawo shawarwari 28, ɗaya daga ciki ita ce a samar da ajiye mota kyauta amma mai ƙa'ida. A 2015 aka ba masu mota a Ingila rangwamen minti 10 bayan ƙarewar lokacinsu kafin majalisa ta ci su tara.

Garuruwa biyu na Wales

Gani ya kori ji. Akwai garuruwa biyu a gunduma ɗaya ta ƙasar Wales, watau Ceredigion, waɗanda ƙaddara ta yi gwaji a kansu ba da shirin kowa ba.

Na farko Aberystwyth, garin jami'a a bakin teku. A tsakiyar 2011 'yan sanda suka janye masu duban motocinsu, majalisar gunduma kuwa ba ta shirya karɓar aikin ba sai bayan shekara guda. Da fari mutane suka yi murna. Ba a daɗe ba aka ga motoci a kan ratsin rawaya, da wurin da aka keɓe wa naƙasassu, da wurin sauke kaya. Wanda ya riga kowa zuwa ya bar motarsa yini guda, motocin kawo kaya suka rasa inda za su tsaya, bas-bas suka riƙa maƙalewa, direbobi suna cacar baki a kan gurbi. Da masu duban motoci suka komo a watan Yuni na 2012, 'yan kasuwa suna cikin waɗanda suka yi marhabin da su.

Na biyu Cardigan. A 2015 wasu suka lalata injinan karɓar kuɗi na filayen ajiye motoci na garin, aka yi makonni ba a biyan kome. Masu kantuna suka ba da labarin cewa cinikinsu ya ƙaru, mutane sun daina duban agogo suna sauri, suna zama su sha shayi su leƙa kanti na biyu da na uku.

Wani zai ce labaran nan biyu suna karo da juna. Ba sa karo. A Aberystwyth tsaron ƙa'ida ne ya tafi daga bakin titi, inda gurbi ya yi kaɗan, masu nema suka yi yawa. A Cardigan kuɗi ne aka daina karɓa a filayen da aka tanada domin ajiye mota. Darasin shi ne, farashi yana iya yin yawa har ya kori mai saye, musamman a ƙaramin gari, amma rashin ƙa'ida ɗungum ya fi korarsa, domin kyautar da za ka zo ka tarar wani ya riga ka ɗauka ba ta da amfani gare ka.

Wane ne mai saye?

Akwai kuma wani kuskure da bincike ya sha ganowa a tunanin masu kantuna. A birnin Graz na ƙasar Ostiriya, a 1991, an tambaye su ta yaya masu sayensu ke zuwa, suka ce kashi 58 cikin 100 da mota suke zuwa. Da aka tambayi masu sayen kansu, sai aka sami kashi 32 ne kawai, masu zuwa a ƙasa kuwa kashi 44. An maimaita irin wannan a Bristol ta Ingila a 2006: masu kantuna suka ƙiyasta kashi 41, aka tarar kashi 22 ne, fiye da rabi kuma da ƙafa suke zuwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kanti sau da yawa shi kansa da mota yake zuwa, kuma mai motar da ya sha wuya shi ne ke shigowa da ƙorafi, mai tafiya a ƙasa kuwa ya saya ya fita shiru. Saboda haka duk dokar da ta faranta wa mai mota ta ƙuntata wa mai tafiya a ƙasa, tana iya cutar da mafi yawan abokan cinikin kanti.

Ina kuɗin ke tafiya?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Filin ajiye mota ana shimfiɗa shi, ana share shi, ana haskaka shi, ana tsaronsa, in mai mota bai biya ba to wani ya biya, ko mai biyan haraji, ko mai saye ta cikin farashin kaya. Marigayi Farfesa Donald Shoup na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan ilmi, ya ba da ma'auni mai sauƙi: a sa farashi mafi ƙanƙanta wanda zai sa kamar kashi 85 cikin 100 na gurabe su cika, a bar ɗaya ko biyu a sake a kowane layi. In titi ya cika maƙil, farashi ya yi kaɗan, in rabinsa wayam ne, ya yi yawa, a rage ko a soke. Ya kuma ce a mai da kuɗin ga unguwar da aka tara su. An yi haka a tsohuwar unguwar kasuwa ta Pasadena a 1993. 'Yan kasuwa sun ƙi mita da farko, da aka yi musu alkawarin kashe kuɗin wajen gyaran daɓen masu tafiya a ƙasa da fitilu da shara a unguwarsu sai suka yarda, unguwar da ta lalace ta farfaɗo.

Dokar Birtaniya ma ta san wannan haɗari. A 2013 Babbar Kotu ta yanke wa majalisar Barnet ta Landan hukunci cewa ba ta da ikon ƙara wa mazauna unguwa kuɗin izinin ajiye mota daga fam 40 zuwa fam 100 don kawai ta sami kuɗin wasu ayyuka. An ba da ikon ne domin tsara zirga-zirga, ba a ba da shi domin tara haraji ba.

Abin da ya shafe mu

Ya ku ma'aikata, da ku ɗalibai da za ku gaje su gobe, wannan magana ta riga ta iso ƙasarmu. A 2014 Babbar Kotun Abuja ta dakatar da shirin biyan kuɗin ajiye mota a titunan birnin, saboda babu dokar da ta kafa shi yadda ya kamata. Wanda kuma ya san bakin Kantin Kwari ko Kasuwar Sabon Gari a Kano, ya san yadda motar mai shago da motar lodi da ta mai saye ke kokawar wuri ɗaya. Ba a ɗauko dokar wata ƙasa a dasa ta yadda take, amma akwai abubuwa huɗu da ba su da ƙasa.

Na ɗaya, a ƙidaya kafin a yi doka: mota nawa ke tsayawa, ta wace ce, awa nawa take yi, masu saye nawa ke zuwa a ƙasa ko a motar haya. Na biyu, a bar bakin titi ga mai tsayawa kaɗan da mai sauke kaya, mai yini kuwa, ko da shi ne mai kantin, a tanadar masa fili mai araha a ɗan nesa. Na uku, ƙa'ida ta kasance a rubuce a fili, da doka a bayanta, da rasit a kan kowane kwabo, ta hau kan babba da yaro daidai. Na huɗu, kuɗin da aka tara a gan su a titin da aka tara su, a kwalta da magudanar ruwa da fitila.

Ma'aikacin da ya auna nasararsa da yawan tarar da ya ci, ya manta dalilin da ya sa 'yan kasuwar Oklahoma suka nemi mita a 1935. Ma'aunin gaskiya shi ne, mai saye ya zo ya sami wuri, ya saya cikin natsuwa, ya tashi ya ba wani.

Ya Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.